A auna ɗakunan haihuwa na Katsina da sa'ar farko ta jariri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina kan yadda ake duba ɗakunan haihuwa.

Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin asibitin da ke tallafa wa shayarwa, mai matakai 10, aka sabunta shi a 2018. To amma in masu duba aiki suka zo, sau da yawa hotunan bango da takardun horo ake nuna musu. Mu a ganinmu, maijego ce ya kamata a tsayar a bakin ƙofa ranar sallama, a tambaye ta.

Tambayar farko: yaushe aka ba ki jaririnki? Ƙa'ida ita ce da zarar ya faɗo a goge shi da busasshen zane, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata na taɓa fata, a rufe su tare, a bar su aƙalla sa'a 1, ya kama nono a cikinta. Awo zai iya jira, wanka kuwa sai bayan sa'o'i 24. Abin da ke ɓata lamarin shi ne a naɗe yaro a miƙa wa kaka a baranda yayin da ake gyara uwar. Kafin ya dawo an ɗura masa ruwan sikari ko zuma, barci ya kwashe shi. Zuma ma haɗari ce ga yaron da bai shekara ba. A ƙara gurbi biyu a rajistar haihuwa: lokacin haihuwa da lokacin kama nono. Ma'aunin da aka sa wa asibiti shi ne aƙalla kashi 80 cikin 100 na jarirai su kama nono a sa'ar farko.

Ta biyu, me ya sha ban da nono? A ranar farko cikin jariri bai wuce mililita 5 zuwa 7 ba, kusan cokalin shayi guda, kuma dakashin da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafinsa na farko. Ruwan nono yakan kawo sosai wajen kwana na 3, wani lokaci ya ɗan jinkirta ga wadda aka yi wa tiyata. Nan ne ake tura maigida kemis sayen madarar gwangwani. A duba ko likita ya rubuta dalili a kati. A kuma leƙa ko akwai kalanda ko kyautar kamfanin madara a ɗakin, domin ƙa'idar duniya ta 1981 kan tallar madarar jarirai ta hana, kuma NAFDAC ce ke sa ido a kai.

Sai kamun nono, wanda dole mai duba aiki ya gani da idonsa: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa a waje, haɓa na taɓa nono, baƙin kewayen kan nono ya fi fitowa ta saman bakin yaro. In kan nono kaɗai yaro ya kama, kan nonon zai tsage, nono ya sanƙare, yaro ya yi ta kuka, a ce ai ba ya ƙoshi. A tambayi maijego ko an koya mata tatsa da hannu da ba da shi a ƙaramin kofi.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Da zafin Afrilu na Katsina, wuya ne a hana uwar miji ba jika ruwa, sai in an zaunar da ita an faɗa mata cewa fiye da kashi 80 na nono ruwa ne, kuma shayarwa sau 8 zuwa 12 a yini da dare, da fitsari sau 6 daga kwana na 5, sun nuna yaro na ƙoshi. Don haka a sa wannan ma cikin takardar duba aiki: wa ya zo ɗaukar maijego, kuma an yi masa bayani?

Wassalam,
Wasu ungozomomi da ma'aikatan jinya, Katsina