Wasiƙar Ƙarshen Zango na Biyu: Batun Kuɗin Cizo a Ɗakunan Kwana

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon ɗalibai, barkanmu da kammala zango lafiya. Sakamakon jarrabawa yana cikin ambulan da kowace ɗaliba za ta kawo gida, don haka ba za mu tsaya a kansa ba. Abin da ya sa muka rubuto shi ne kuɗin cizo, wanda wasu ke ce wa gazunzumi.

Tun tsakiyar zango uwar ɗakin kwana ta fara ganin alamunsa a ɓangaren 'yan aji ɗaya: ɗigo-ɗigon baƙi a bakin ɗinkin katifa, jini a zanin gado, yara kuma suna gyangyaɗi a aji suna susa. Mun ji wasu iyaye na cewa ƙazanta ce. A'a, wannan ƙwaro jini yake bi, a akwati da jaka yake tafiya, kuma ɗaki mai tsabta bai fi ƙarfinsa ba. Ba a san shi da yaɗa cuta irin yadda sauro ke yaɗa maleriya ba, sai dai susa kan zama gyambo, kuma wadda ta kwana ido biyu ba ta ɗaukar karatu.

Abin da ya fi tayar mana da hankali kuwa shi ne abin da muka tarar ranar binciken akwatuna: kwalbar piya-piya a wajen wata yarinya, an kawo mata ranar ziyara. Mun san tausayi ne ya sa. Amma don Allah kada a sake. Piya-piya da Sniper duk sinadarin daikulobos ke cikinsu, guba ce da ke shiga jiki ta fata da ta numfashi, ba sai an sha ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper saboda rayukan da aka rasa. Wanda ya fi shi haɗari shi ne ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake ko gero don ƙwari. Da ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa, wadda ke bi ta ƙasan ƙofa har ɗakin maƙwabta, kuma ƙananan yara take fara kayarwa. Kananzir da fetur kuma gobara ce ake gayyata.

Sau da yawa ma feshin ba ya biyan buƙata. Maganin da ya kashe uwar yakan bar ƙwan, wanda ke maƙale cikin tsagar katako, ya ƙyanƙyashe bayan kwana 6 zuwa 10. Mutum ya yi barci mai daɗi mako guda, sai ya ga kamar ba a yi komai ba. Ban da haka, a wurare da yawa ƙwaron ya riga ya saba da irin maganin da ake sa wa gidan sauro, ƙara yawan feshi sai dai ya cutar da masu ɗakin.

A namu ɓangaren, da zarar ɗalibai sun tafi za a kwance gadaje a fitar da su, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗarsu, a liƙe tsagogin bango da siminti. Ma'aikatan duba-gari za su yi feshi sau biyu, da mako biyu tsakani, domin na biyun ya tarar da waɗanda suka ƙyanƙyashe. Katifar da ta yage har soso ya fito ba za ta koma ɗaki ba.

Naku aikin yana farawa ne daga ƙofar gida. Ranar da ɗiyarku ta iso, kada akwatinta ya shiga ɗaki. A buɗe shi a tsakar gida. Tufafi da zannuwa a jiƙa su cikin ruwan zafi sosai, domin zafin digiri 60 yana kashe uwa da ƙwai gaba ɗaya, sannan a bi ɗinkunan da dutsen guga. Abin da ba ya wankuwa, kamar takalma da jaka, a ɗaure shi cikin baƙar leda a ajiye a rana tun hantsi har la'asar, kada a cusa kaya da yawa don zafin ya ratsa. Ranar Sakkwato ta Afrilu, wadda ke haura digiri 40 muna ta kuka da ita, ga inda za ta yi mana rana. Katifa ce mai wuyar sha'ani: idan an shanya ta, ƙwaron yakan gudu ƙasa inda inuwa take, sai an riƙa juyawa ana goge ɗinkin da buroshi. Kulle akwati a ce yunwa za ta kashe shi ɓata lokaci ne, yana iya yin watanni bai sha jini ba.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya shaƙi irin waɗancan magunguna, aka ga yana dalalar da yawu, ko amai, ko gumi, ko numfashi na yi masa wuya, a fitar da shi iska, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a tafi da kwalbar don likita ya gani.

Ranar dawowa za a duba kowane akwati da katifa a bakin ƙofa kafin a shiga da su. Layin zai yi tsawo, muna roƙon a iso kafin azahar.

Wassalam,
Shugabar Makaranta