Amsa Ga Malamin Da Ya Tambayi Abin Da Ya Haɗa Ni Da Lug

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam.

Tambayarka a kan rubutun da na yi game da Lug, abin bautar Keltawa, wata tsohuwar al'ummar Turai, ta iso ni, duk da cewa ba ni ka aiko wa ba. Lambar wayata tana hannunka, ƙofar gidanmu kuwa ka san ta tun kana yaro, amma ka zaɓi ka tsaya a bainar jama'a ka ce: me ya haɗa Musulmi da gunkin ranar Turawa, nawa aka biya shi, ko kuwa ɗan maƙera ne ya samo wa gidansu abin bauta? Tunda a kasuwa ka yi kira, a kasuwa zan amsa.

Maganar kuɗi ba ta kai in ɓata mata tawada ba. Ka san babur ɗin da nake hawa. In akwai Baturen da ke biyan malamin tarihi don ya tallata abin da kakanninsa suka watsar fiye da shekara 1,000, taimaka ka haɗa ni da shi, ana bina kuɗin haya.

Batun shirka kuma, ai kai ne malami. Kai ka sha karantar da mu cewa mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne. Allah da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya jero gumakan mutanen Annabi Nuhu biyar da sunayensu. Ibnul Kalbi ya haɗa littafi guda a kan gumakan Larabawa, malamai suna ta amfana da shi. Wanda ya rubuta tarihin Kano bai ɓoye Barbushe da Tsumburbura na kan Dala ba, kuma ban taɓa jin ka hau mumbari ka tambayi nawa aka biya shi ba.

Sannan da ka ce "gunkin rana", nan na gane ba ka karanta rubutun ba, labarinsa aka ba ka. Na faɗa a ciki cewa masanan ƙarni na 19 ne suka danganta sunansa da haske, masana harshe na baya-bayan nan da yawa kuma suna shakkar haka, wasu ma suna ganin sunan ya fi kusa da kalmar rantsuwa da ƙulla alkawari. Abin da ya fi tabbata game da shi shi ne sana'a da ciniki. Julius Kaisar, wanda ya ci ƙasar Gol da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙasar da yawancinta ita ce Faransa a yau, ya rubuta cewa abin bautar da Keltawan wurin suka fi girmamawa shi ne wanda suke ɗauka ya ƙago dukkan sana'o'i, mai yi wa matafiya jagora, mai iko a kan fatauci da riba. Ya kira shi da sunan Rumawa, Markuri, amma masana da dama suna ganin Lugus yake nufi, wato Lug ɗin nan. Birnin Liyon da matasanmu suka sani ta hanyar ƙwallo, tsohon sunansa Lugdunum, ana fassara shi da tudun Lugus ko ganuwarsa. A garin Osma na Sifaniya an samu rubutu a jikin dutse wanda aka sadaukar da sunansa a madadin ƙungiyar masu ɗinkin takalma. Dukawa ke nan, Malam.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa daga Ailan yake, inda suke ce masa Lug. Wai ya zo ƙofar fadar Tara lokacin da Sarki Nuada ke biki, mai gadi ya ce ba mai shiga sai da sana'a. Ya ce shi masassaƙi ne, aka ce akwai. Ya ce maƙeri ne, aka ce akwai. Ya ce makaɗi ne, jarumi ne, mawaƙi ne mai riƙe da tarihi, mai magani ne, maƙerin tagulla ne, kowace ya ambata sai a kira masa sunan wanda ke riƙe da ita a fada. Sai ya ce a je a tambayi sarki ko yana da mutum ɗaya da ya haɗa duka. Babu. Aka buɗe masa ƙofa, daga baya sarki ya tashi ya ba shi kujera ya jagoranci yaƙi. Dubi inda labarin ya sa ƙira da sassaƙa: a bakin ƙofar fada, a jeri ɗaya da jarumta, a matsayin abin da mutum ke nunawa kafin a ce masa bismillah. Har yau sunan watan Agusta a harshen Ailan, Lunasa, daga bikinsa na farkon girbi ya samo asali. Waɗanda suka adana waɗannan labarai a rubuce kuma malaman Kirista ne a gidajen ibadarsu, ba masu bauta masa ba. Su sun iya bambance adana labari da yin sujada.

Yanzu ga abin da ya yi mini ciwo. Eh, ni ɗan maƙera ne. A gindin zugazugi na tashi, da uwar maƙera da masaba aka biya mini kuɗin makaranta. Wannan tsohon, mahaifina, da ka mayar da sana'arsa abin ba'a, shi ne wanda mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yake zama a rumfarsa tun hantsi har azahar, kuma ba a taɓa ganin sahun farko na asuba ba shi ba sai da ƙafa ta gagare shi. Ba wanda ya taɓa kama shi da ha'inci a ƙarfe ko a magana. Ka je ka tambayi unguwa. Kai da ka haddace Suratu Saba'i ka fi ni sanin wanda aka tausasa wa ƙarfe aka umarce shi ya ƙera sulke. Annabi Dauda ne. Annabi Zakariyya kafinta ne, haka ya inganta a hadisi. To daga ina ka samo fatawar cewa ƙira abin gori ce? Ba daga littafi ba dai.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, shi ya sa abin ya fi damuna. Muna da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska, muna naɗa musu rawani, amma ɗansu ya zo neman aure a fara ƙus-ƙus a zaure ana maganar asali. Yaro ya gama jami'a ya shekara biyar yana yawo da takardu a jaka, a ce masa ya zauna a rumfar ubansa ya ga an zage shi. Shekaru aka kwashe ba a koyar da tarihi a ƙananan makarantunmu, ban ji ka ɗaga murya ba. Sai da wani ya rubuta shafi uku a kan yadda wata al'umma ta ɗauki mai sana'a, sannan kishin addini ya motsa. Ruwa ba ya tsami banza. Na lura duk sanda masu sauraronka suka fara raguwa sai ka nemo wanda za ka rataya wa shirka, bana kuma ƙuri'a ta faɗo kaina.

Ban janye ko harafi ɗaya ba. Mako mai zuwa ma zan ci gaba da takwaran Lug na ƙasar Wels, wanda ya yi shigar baduku yana ɗinka takalmi. In ka ga kuskure a shekara ko a suna, ka nuna mini, zan gyara in yi godiya a gaban jama'ar da ka tara.

Af, garemanin gidanku biyu da aka kawo tun kafin damina suna nan a maƙera, yayana ya gama gyara su tuntuni. A aiko yaro ya ɗauka, ya taho da kuɗin aiki.

Wassalam,
Ƙaninka, ɗan maƙera.