Kayan kwaikwayon jarumai: a bar yara su haɗa da hannunsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya fara ɓulla tsakanin matasanmu, wato haɗa kayan jaruman labarai su sa don su fito a siffarsu, wanda na lura manya da yawa sun yanke masa hukuncin shiririta tun kafin su tsaya su ga yadda ake yin sa. Ni tela ne, na haura shekara talatin a kan keke a nan Maraɗi, kuma abin da zan faɗa a cikin shagona na gan shi.

Watanni kaɗan da suka wuce ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a jami'a, ya shigo shago ya miƙo mini wayarsa. A ciki akwai hoton wani jarumi na zanen Japan, irin wanda suke kira manga, yana sanye da sulke a ƙirji, kafaɗunsa kamar an kifa ƙwarya biyu, ga doguwar alkyabba tana jan ƙasa. Ya ce wasu matasa masu sha'awar irin waɗannan labarai za su taru a Yamai, kowa zai je a siffar jarumin da yake so. Na yi dariya, na ce masa ya kawo yadi da kuɗin aiki kamar kowa. Sai ya ce: "Kawu, ba so nake ka ɗinka mini ba, so nake ka nuna mini yadda ake yi." A shekarun nan da iyaye suke kawo mana yara koyon sana'a su gudu kafin wata uku, wannan magana ta sa na ajiye almakashi na saurare shi.

Ashe abin yana da suna, kosfile, kuma yana da tarihi. A shekarar 1939, a taron farko na duniya na masu sha'awar labaran ƙagen kimiyya da aka yi a birnin New York na Amurka, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka bayyana cikin tufafin da suka kwaikwayi na mutanen wani zamani mai zuwa, kuma ita Myrtle ce ta ɗinka su. Sunan kuwa daga Japan ya fito a farkon shekarun 1980, daga alƙalamin wani marubuci, Nobuyuki Takahashi. Tun shekarar 2003 ake yin babban taron masu wannan sha'awa na duniya a birnin Nagoya, inda kowace ƙasa take turo mutum biyu gasa, kuma sharaɗin gasar shi ne kayan su zama aikin hannun masu sanye da su. A nahiyarmu ma Legas tana da nata taron tun 2012, Afirka ta Kudu ta fara nata babba a 2018. Wannan sharaɗi na aikin hannu shi ne ya fi jan hankalina, domin a ganina duk darajar abin a nan take.

Alkyabbar ba ta ba mu wahala ba, domin ɗinki ne irin wanda muka saba, sai dai na sa shi ya warware wuyan sau uku har ya gane abin da ake nufi da barin bakin ɗinki. Sulken ne ya zama makaranta, gare shi da ni duka. Ya sa riga mai kama jiki, abokinsa ya naɗe masa ƙirji da leda, ya bi da salatif har ya zama kamar ɓawo, sannan aka zana layukan sulken a kai da biro, aka yanke, aka shimfiɗa gutsattsarin a kan takardar buhun siminti. Da na ga haka sai na ce masa ai wannan shi ne awon da muke yi da tef da alli, bambancin kawai shi jikin mutum ne yake ba da siffa kai tsaye. Daga takardar aka kwafe a kan soso mai tauri, irin wanda ake yin silifas da shi, wanda a waje suke kira EVA. A can suna sayen sa fai-fai a kanti, suna lanƙwasa shi da na'urar hura zafi. Mu kuwa wajen masu yin takalma a kasuwa muka samo shi, muka kanga shi a saman garwashi daga nesa har ya yi laushi, muka danna shi a bayan ƙwarya ya huce, ya ɗauki siffar kafaɗa. Falle biyu na farko sun ƙone sun yi baƙi, saboda yaron ya yi gaggawa. Reza kuma soson yana cinye mata kaifi da wuri, idan ba a canza ta ba sai bakin yankan ya fito kamar ɓera ya gwaguya.

Fenti ma yana da nasa sirrin. Soson yana shan fenti kamar yadda ƙasar jigawa take shan ruwan farko, don haka sai an shafe shi da farin gam na kafintoci sau uku ko huɗu, kowane shafi ya bushe, kafin a sa launin azurfa. A ƙarshe ya ɗauki tsumma da baƙin man takalmi ya goga a lunguna da gefuna, nan take abin ya tashi daga kama da kayan wasan yara ya koma kamar ƙarfen da ya ga yaƙi. Wani dattijo da yake zama a bakin shagona, wanda tun farko yake cewa aikin banza ne, sai da ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa don ya tabbatar.

Kuskurenmu ɗaya shi ne gam. An ba shi shawarar ya yi amfani da gam ɗin da ake narkarwa da ƴar bindigar lantarki, saboda yana kamawa nan da nan. Masu ba da wannan shawara ba su san zafin bazarar ƙasarmu ba, inda ma'auni yake haura 40. Ya bar sulken a cikin jaka a rana, kafin la'asar kafaɗa ɗaya ta saki ta zame. Da hakan ta faru a saman mota, a tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, da ya isa da tarkace. Muka koma ga gam ɗin masu gyaran takalmi, wanda ake shafawa a fuska biyu a jira ya sha iska kafin a haɗa, kuma duk inda nauyi zai rataya na sa shi ya ɗinke da zaren dukawa. Ina jan kunnen duk yaron da zai yi wannan aiki da ya yi shi a fili inda iska take kaɗawa, domin warin wannan gam ɗan'uwan sholisho ne, kuma mun san ɓarnar da sholisho ya yi wa ƴaƴan mutane.

Masu suka suna cewa kwaikwayon baƙi ne, ba al'adarmu ba. Ina ganin sun manta da ƙuruciyarsu. Wane ne a cikinmu bai yi tashe ba idan azumi ya kai kwana goma? Mun manna auduga a haɓa mun zama tsoho mai gemu, mun cusa tsumma a riga mun yi tumbi, mun shafa gawayi da toka, mun bi gida gida ana ba mu hatsi da ƴan kuɗi. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari suke shiga siffar sarakuna da manyan gwamnati, da kayan da suka ƙera da karan dawa, su kuma waɗanda ake kwaikwaya su zo kallo suna dariya. Shiga siffar wani na yini ɗaya don nishaɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya canza shi ne inda yaran suke samun labaransu, mu a bakin kakanni da dare, su a waya.

Duk da haka ba zan ce babu abin gyara ba. Wasu daga cikin waɗannan jarumai, musamman mata, an zana su da shigar da ba ta dace da addininmu da tarbiyyarmu ba, kuma babu wanda ya ce dole sai an kwaikwayi tsiraici kafin a gane wanda ake nufi. Ƴan mata Musulmi a Malesiya da Indonesiya sun daɗe suna wannan wasa da lulluɓinsu, suna naɗa mayafi mai launin gashin jarumar a madadin gashin kanti, kuma ana gane su sarai. Sai batun makamai. A halin tsaron da yankinmu na kan iyaka yake ciki, ɗaukar abin da ya yi kama da bindiga a kan hanya ganganci ne, ko da na kwali ne. Su kansu manyan tarukan ƙasashen waje suna binciken irin waɗannan kaya a bakin ƙofa kafin a shiga da su. Takobin ɗan ƙanwata na soso ne, amma sai da na sa ya naɗe shi a zane ya sa a ƙasan jaka.

Abin da ya fi damuna shi ne wata hanya ta daban da na ga wasu sun fara bi, wato yin odar kayan a ɗinke daga Sin ta intanet. Yaro zai matsa wa mahaifinsa ya fitar da jika ashirin ko talatin, kayan su zo da yadi mai sheƙi marar nauyi wanda ba ya jure wanki biyu, ya sa sau ɗaya a ɗauke shi hoto, shi ke nan. Wannan ne ya cancanci sunan almubazzaranci. Shi kuwa wanda ya yi makonni shida yana awo, yana yanka, yana ɓatawa yana sakewa, ya fito da sanin keke, da sanin yadi, da haƙurin da ba a sayarwa a kasuwa. Ɗan ƙanwata da bai iya zura zare a allura ba, yanzu shi yake rage wa ƙannensa tsawon wando.

Saboda haka kirana ga ƴan'uwana teloli, da dukawa, da maƙera, da masu kitso, shi ne idan irin waɗannan yara suka zo da hoto a waya kada mu kore su. Garinmu Maraɗi, wanda fatar jar akuyarsa ta yi suna har ƙasashen Turai, bai kamata ƴaƴansa su rasa wanda zai nuna musu yadda ake yin ɗamara da kube ba. Su kuma matasan ina ba su shawara su waiwayi gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a nan Maraɗi ko a Tibiri ya ga ƴan lifidi da kwalkwali mai gashin jimina, ya ga dogarai cikin ja da kore, kuma babu mai zanen Japan da zai raina wannan kwalliya. Muna da Bawa Jan Gwarzo na Gobir, muna da Ɗan Baskore na Maraɗi, muna da Sarauniya Mangu wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, ga kuma su Gizo da Ƙoƙi na tatsuniya da ba wanda ya kafa musu siffa guda, kowa yana iya ƙirƙiro tasa.

Na faɗa wa yaron wannan magana bayan ya dawo, kuma ga alama ta shige shi, domin yanzu lifidi yake so ya yi. Mun gwada da soson katifa sai ya fito kamar bargo, ba ya tsayawa a jiki. Na san na gargajiya da audugar rimi ake cusa shi, a bi shi da ɗinki layi layi, amma hannuna bai taɓa yin sa ba. Idan a cikin masu karanta wannan jarida akwai wanda ya gaji wannan aiki, a nan gari ko a Tibiri ko a Katsina, muna roƙon ya sanar da mu ta hannun Edita, ni da yaron za mu zo har gida mu gaishe shi mu ga yadda ake yi.

Wassalam.

Mai karatunku,
Wani tela daga unguwar Zariya, Maraɗi