Kan alƙaluman ƙanjamau da kuka kawo a shirinku

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan lafiya, inda mai gabatarwa ya ce ƙanjamau ta ragu da rabi a Najeriya, daga kashi 2.8 cikin ɗari zuwa 1.4. Alƙaluman daidai ne, amma fassarar da aka yi musu ta dame ni, domin mutane sun ɗauka an kusa gamawa da cutar.

Shekara da shekaru, da jinin mata masu juna biyu da ke zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci ake kintatar yawan masu cutar a ƙasa. Da wannan ma'auni aka samu kashi 1.8 a 1991, ya hau zuwa 5.8 a 2001, sannan ya riƙa sauka. To amma mace mai ciki ba ta wakiltar mijinta, ko dattijon ƙauye, ko matar da ke haihuwa a ɗaki ba ta taɓa taka asibiti ba, kuma mun san irinta suna da yawa a Arewa. Asibitocin ma galibinsu na birni ne.

A 2018 aka sauya hanya. Binciken NAIIS, wato binciken ƙasa kan yawan masu ƙanjamau, ya bi gida-gida a jihohi 36 da Abuja, ma'aikata ɗauke da akwatunan sanyi, ana ɗibar jini a tsakar gida bayan an nemi yardar mutum, ana ba shi sakamakonsa nan take. Da Shugaba Buhari ya sanar da sakamakon a Maris 2019, sai aka ji kashi 1.4 na masu shekara 15 zuwa 49, sannan masu ɗauke da cutar, manya da yara, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasa baki ɗaya. Babu shakka magani da wayar da kai sun yi aiki, amma babban ɓangare na wannan saukar gyaran ma'auni ne. Wanda ya auna hatsi da tsohuwar tiya jiya, yau ya auna da sikeli, ba zai ce rumbu ya ragu ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Masu shan maganin rage kaifin cutar yanzu suna daɗewa a raye, alhamdulillahi, don haka yawan masu ɗauke da ita na iya tsayawa cak ko da sababbin kamuwa suna raguwa. Mai son sanin inda aka dosa, sababbin kamuwa da mace-mace zai tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke kwantar da hankali da cewa Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne kawai, Akwa Ibom kuwa ta haura 5. Kashi 0.6 na al'umma mai yawan tamu mutane ne masu ɗimbin yawa, kuma binciken ya nuna mata sun ninka maza. A inda ake aure da saki da sake aure, mutum ɗaya da bai san matsayinsa ba na iya shafar gida guda har da jariri.

Ina roƙonku, duk lokacin da za ku kawo irin wannan adadi, ku faɗi shekarar da aka auna, da su wa aka auna, da ta wace hanya. Ku kuma gayyato jami'an NACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, su gaya mana yaushe za a sake bin gidaje, tunda binciken 2018 ya fara tsufa.

Naku,
Wani mai sauraro daga Kano