Tarihin Gida Ba Ya Rubutuwa da "An Ce"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin matasan da suka fara tattara salsalar gidajensu, domin wajen suna da shekara ne aikin ya fi lalacewa.

A fara da tsofaffin mata. Kaka da goggo sun fi maza riƙe wa ya auri wa, wace ta fita, wane ɗaki ya haifi wa. A zauna da mutum ɗaya a lokaci guda, kada hira ta wuce awa ɗaya, a naɗa da waya bayan an nemi izini. In aka tara su wuri guda, babba ne zai yi ta magana, sauran su bi shi da "haka ne".

Sai maganar alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan fari, wanda kuma ya ci sunan kakansa Abba ko Baba ake ce masa har ya tsufa. Saboda haka kowane mutum a buɗe masa shafinsa: sunan yanka, laƙabi, sunan uwa, sana'a, inda aka binne shi. Idan ba a yi haka ba, za a raba mutum ɗaya gida biyu, ko a haɗe Muhammadu uku su zama ɗaya. A kuma tambaya sarai, haihuwa ce ko riƙo? Da yawa ana jingina su ga kawun da ya rene su. Wanda aka sha nono tare da shi ma a rubuta, don yana shafar aure.

Kada a tambayi tsoho shekarar haihuwarsa, zai ba da lamba don ya sallame ka. A tambaye shi me yake iya yi lokacin wani abin da kowa ya sani: zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna 1966, canjin hannun tuƙi 1972, shigowar naira 1973. Wadda ta ce tana goyon ɗanta na biyu aka kashe Murtala, ta ba ka 1976. Bakano da ya ce zamanin Sarki Alhaji, tsakanin 1926 da 1953 ke nan. Idan gidan malamai ne, a duba gefen kundi da bangon littattafai, nan ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Shekarar Hijira a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. 1350 za ta ba da wajen 1931.

Wanda kakansa ya yi dagaci ko aikin En'e (hukumar gargajiya ta zamanin Turawa) ya leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, amma da sanin cewa Turawa sun karkata rubutun sunaye da yawa.

Kusan kowane gida zai ce daga gabas ya taso. A rubuta, amma a sa sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, ruwaya biyu in sun saɓa a ajiye duka biyun. Abin da ya shafi bauta ko rikicin gado kuwa, a shawarci manyan gida kafin ya shiga takardar da za a raba wa dangi.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku, daga Zariya