Ina Tura Wa Ɗana Bidiyon Ƙarfafa Gwiwa, Shi Kuwa Labarina Yake Nema

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da masu bibiyar wannan fili, na rubuto ne domin neman shawara a kan wani al'amari da ya shiga tsakanina da babban ɗana, wanda yake da shekara 16 kuma yake dab da kammala sakandare. Ina roƙon a sakaya sunana, saboda dalilin da za ki gani a ƙasa.

Yanayin aikina ya sa ba na kwana a gida sai 'yan kwanaki a kowane wata. Tun da na saya wa yaron waya shekara biyu da suka wuce, na ɗauki wata ɗabi'a wadda a lokacin na ga kamar ita ce za ta cike giɓin rashina: kowace safiya kafin in fita aiki, sai in nemo gajeren bidiyo mai ƙarfafa gwiwa a YouTube ko Facebook in tura masa ta WhatsApp. Samunsu ba ya ba ni wahala, domin waɗannan manhajoji suna lura da abin da mutum ya tsaya yana kallo ne, sannan su yi ta jero masa irinsa, har ta kai ba ni nake nemansu ba, su ne suke nemana. Na tura masa jawabin da William McRaven, wanda a lokacin yana ɗaya daga cikin manyan hafsoshin sojan ruwan Amurka, ya yi wa ɗaliban Jami'ar Texas a bikin yaye su a 2014, inda ya shawarce su cewa mai son gyara duniya ya fara da gyara shimfiɗarsa da safe. Na tura masa Nick Vujicic, ɗan Ostireliya da aka haifa a 1982 ba hannu ba ƙafa, wanda yake zagaya ƙasashe yana yi wa matasa jawabi.

Amma wanda ya fi shiga raina, wanda na tura masa ba sau ɗaya ba, shi ne na Derek Redmond, ɗan tseren Birtaniya a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992. Ana cikin zagayen kusa da na ƙarshe na tseren mita 400 tsokar bayan cinyarsa ta yage, ya durƙushe a kan layi, sauran suka wuce suka bar shi. Maimakon ya yarda a ɗauke shi, sai ya miƙe yana ɗingishi, fuskarsa a murtuke saboda azaba, yana nufin sai ya kai ƙarshe. Can sai ga wani mutum ya sauko daga cikin 'yan kallo, ya kutsa ta tsakanin masu tsaro, ya riƙe shi: mahaifinsa ne, Jim. Haka suka taka tare, ɗan yana kuka a kafaɗar uban, jama'a suna tsaye suna tafi. A hukumance ba a ƙidaya masa wannan gudun ba, amma shi ne abin da duniya ta riƙe daga tseren. Duk lokacin da na kalla sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, kuma ina zaton abin da nake ji shi ma yaron yake ji.

Amsar da nake samu ba ta wuce alamar babban yatsa ba, wani lokaci ma sai dai in ga alamun nan biyu sun zama shuɗi, shi ke nan. Na ɗauki hakan a matsayin kunya irin ta ɗa da mahaifi.

A watan jiya ya faɗi lissafi a jarrabawar gwaji. Da mahaifiyarsa ta sanar da ni, ban kira shi ba, sai na tura masa wani bidiyo da ke cewa an taɓa korar Michael Jordan daga ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu, amma ya zo ya zama zakaran duniya. A karo na farko ya mayar mini da doguwar amsa. Cikin ladabi ya ce ya bincika, ba korar Jordan aka yi ba, an dai sa shi a rukunin ƙanana ne a shekarar, kuma a can ɗin ma ya yi fice. Ya ce masu haɗa irin waɗannan bidiyoyi suna ƙara gishiri ne domin a kalla. Na duba na ga gaskiyarsa, kuma na ji kunyar cewa shi ya tantance abin da ni na tura ba tare da na tantance ba.

Da na dawo gida na zaunar da shi, na tambaye shi ko bidiyoyin ba sa yi masa amfani ne. Ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce: "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Baban Derek ba saƙo ya aika masa ba, saukowa ya yi." Kafin in sami abin cewa ya ƙara da cewa ya san labarin mutane da yawa da suka faɗi suka tashi, amma bai san ko ni na taɓa faɗuwa ba.

Malama, a nan ne gizo yake saƙar. Na taɓa faɗuwa, kuma faɗuwa mai muni. A shekarata ta biyu a jami'a aka sallame ni saboda na kasa cin jarrabawa, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don sakaci da biye wa abokai. Na yi shekaru ina fafutuka kafin in koyi sana'ar da nake ci da iyalina da ita a yau. 'Ya'yana sun taso da labarin cewa rashin kuɗi ne ya raba ni da karatu, kuma ni ne na dasa wannan labarin. Mahaifiyarsu kaɗai ta san gaskiya. Yanzu da nake tunani, ina zargin kaina cewa na fake ne da labaran mutanen nesa domin kada in ba da nawa, tunda tura bidiyo ba ya buƙatar in haɗa ido da kowa.

Abin ya sa ni tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda bai taɓa zaunar da ni ya yi mini lacca a kan gaskiya ba. Wata rana dai an yi kuskure an biya shi fiye da haƙƙinsa, bai lura ba sai da muka yi nisa, ya kama hannuna muka koma a ƙasa ya mayar da rarar. Shekara fiye da talatin ke nan, ban manta zafin ranar ba, ban kuma manta fuskar wanda aka mayar wa kuɗin ba. Ban san abin da ɗana zai tuna game da ni ba idan ya kai shekaruna.

Mahaifiyarsa tana ganin in faɗa masa komai, tana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni kuwa tsoro biyu ne suka riƙe ni. Ina tsoron girmana ya zube a idonsa, ba don faɗuwar ba, sai don ƙaryar da na yi shekaru ina maimaitawa, alhali ina tura masa bidiyoyi a kan riƙon gaskiya. Ina kuma tsoron ya ɗauki labarin a matsayin lasisi, ya ce ai Baba ma an kore shi kuma ga shi ya rayu, musamman a wannan lokaci da jarrabawarsa ta ƙarshe take ƙaratowa.

Shin ya dace in faɗa masa yanzu, ko in jira sai ya gama jarrabawa? Idan zan faɗa, da me zan fara, da faɗuwar ko da neman afuwar ɓoye ta, kuma shin ƙannensa ma suna da haƙƙin su ji? Sannan me zan yi da bidiyoyin? Yau mako uku ke nan ban tura masa ko ɗaya ba, shi ma bai tambaya ba, kuma na gano cewa in ba su ba, ban san abin da zan rubuta masa da safe ba. Nan da kwana goma zan koma gida, ina fatan samun amsarki kafin lokacin.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naki,
Wani uba mai neman mafita