Kada Ka Ajiye Maganinka Don Ka Ji Sauƙi

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ƙanwarka ta gaya mini kana shirin ajiye maganin damuwar da likita ya ɗora ka a kai, wai ka warke, kuma ba ka son ka rabu da wata ƙwaya ka faɗa wa wata. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Na gane tsoronka. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Amma maganin damuwa irin su Prozac ba ya bugarwa, ba ya sa jiki neman ƙari kamar tiramadol ko kodin. A hankali yake aiki. Sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin canji, wani ma har 6 ko 8 kafin ya zauna masa sosai. Sauƙin nan da kake ji, aikinsa ne. Likitoci kan ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, domin wanda ya yanke da wuri ciwon ya fi saurin dawo masa. In kuwa ka tsayar farat ɗaya, jiri da rashin barci da saurin fushi suna iya biyo baya, har da wani abu mai fizga a kai kamar lantarki. Sai ka ɗauka tsohon halin ne ya taso, ka shiga neman abin da zai kwantar da shi. Wannan ne ke hana ni barci. In lokacin dainawa ya yi, likita ne zai riƙa rage maka kaɗan-kaɗan.

Sai batun rashin iya tattara hankali wuri ɗaya, wanda likita ya ce larurar ADHD ce. Maganinta da ake kira Ritalin yana taimaka wa manya ma, ba yara kaɗai ba, sai dai mai zaburar da ƙwaƙwalwa ne, ana iya wuce gona da iri da shi. Ka gaya wa likita duk abin da ka taɓa sha, kada kunya ta sa ka rage ko ɗaya. Da haka zai san ko ya ba ka mai narkewa a hankali, ko Strattera wanda ba a kamuwa da shi, ko da yake shi ma sai an yi makonni ana haƙuri. Kuma ko wa ya roƙe ka maganin, kada ka ba shi.

Abu mafi nauyi shi ne wannan. Jikinka ya manta da ƙwayar mayen nan da ka rabu da ita. Adadin da kake sha a da, yau yana iya tsayar maka da numfashi. Tiramadol kuma in ya haɗu da maganin damuwa yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya da zazzaɓi mai tsanani. Don haka in sha'awar ta matsa maka, ko ƙafarka ta zame, ka faɗa a ranar. Akwai magunguna irin su metadon da bufirenofin da ake bayarwa don a kashe wannan ƙishirwar, kuma shan su ba abin kunya ba ne. In tunanin cutar da kanka ya zo maka, musamman lokacin da aka canza maka adadin magani, ka kira ni ko tsakar dare ne.

Ka sanar da ni ranar da za ka koma ganin likita. In kana so mu shiga tare, in ba ka so na jira ka a waje.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka